Yadda C ta nemi cinye dami bakwai a geron Baba

1/ 'Yan ajin farko da ke ta tambayata ta ina za su fara C ba su da laftof, ga labarina. Zaren zai yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

2/ Yajin aikin ASUU na 2022 ya maido ni gida Ɗanbatta. Daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur. Sunana ɗalibin kimiyyar kwamfuta, amma wallahi a lokacin ban taɓa rubuta layi ɗaya ya yi aiki ba. Mun kwafi #include <stdio.h> daga allo zuwa littafi kamar masu kwafar laya. Ba wanda ya san me take yi.

3/ Laftof babu. Sai wata Tecno mai fasasshen gilashi. Na sa mata Termux, na rubuta pkg install clang, shi ke nan na samu kwamfaila a aljihu. Da safe gona, da yamma shagon caji a bakin titin Daura, saboda wuta sai ta ga dama.

4/ Kafin mu je ga abin kunyar, bari in faɗi abin da na so a ce wani ya faɗa min tun ranar farko. Kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci, C ɗin ma ba ta ji. Abu biyu ta sani: akwai wuta, babu wuta. 1 da 0. Kowane ɗaya sunansa bit, takwas su ne bayit ɗaya, kuma bayit ɗaya na ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255. Harafin A da kake gani, a wurinta 65 ne kawai.

Kwamfaila tafinta ce. Kai ka rubuta C, ita ta juya shi zuwa 1 da 0. Amma tafinta ce marar kara. Ka manta waƙafi mai ruwa guda ɗaya (;) ta ƙi fassara komai. Na taɓa kashe yini guda ina neman kuskure, ashe shi ne.

5/ Sai 4/64 ɗin da masu waya ke faɗa a Farm Centre. 64 ɗin rumbu ne, abin da ka zuba yana nan ko an kashe waya. 4 ɗin RAM ce, tabarmar da ake baza hatsi a yi aiki a kai. Wuta na ɗaukewa an kakkaɓe tabarma. In ka rubuta int dami. Cewa ka yi a ware maka ɗan wuri a kan tabarmar, yawanci bayit huɗu, a sa masa suna dami.

6/ To. Satumba ta zo aka yanke gero. Muka ɗaure, muka ƙirga: dami 87. Baba zai fitar da zakka. Noman damina ɗaya bisa goma ne, ba kamar na masu ban ruwa da inji a wajen dam ɗin Thomas ba, su ɗaya bisa ashirin.

Ni kuma kaina ya kumbura, sati uku ina printf. Na ce, "Baba, ku bari in lissafa muku da manhajar da na rubuta da kaina." A gaban ƙannena na faɗa, da Kawu da ya zo taya mu ɗauri.

7/ Ga abin da na rubuta:

int dami = 87;
int zakka = dami / 10;
printf("%d", zakka);

Ta fito da 8. Ba ƙorafi, ba jan rubutu. Na ɗaga waya sama na ce takwas ne.

8/ Baba bai ko kalli wayar ba. Ya ce, "Takwas na tamanin ne. Bakwan fa, ina ka kai su?"

Na ce ai kwamfuta ce ta faɗa.

Ya ce, "To ka tambaye ta, ranar da za a tambaye ni haƙƙin miskinai ita za ta tsaya min?"

Kawu ya yi dariya har da tari. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata, don gaskiyarsa ce. Amfanin gona in ya kai nisabi, duk abin da ya ƙaru a kai ana fitar masa da rabonsa. Ba a cewa bai cika goma ba a yafe.

9/ Daren nan ban yi barci ba sai da na gano. int cikakkiyar lamba kawai take riƙewa. In ka raba int da int a C, amsar ma int ce, abin da ya biyo bayan ɗigo sai ta yar. Ba ta matsar da shi sama, ko da 8.9 ne 8 za ta ba ka. Kuma ba za ta yi maka gargaɗi ba, don a ganinta abin da ka nema ke nan.

10/ Na ce sauƙi. Na maida zakka float. Ta ba ni 8.0. Nan na kusa jefa wayar a randa.

Ashe tana gama rabawar tukuna, ta yar da ragowar, sannan ta zuba 8 ɗin a float. Ɓarnar ta riga ta faru. Maganin shi ne ɗaya daga cikin lambobin ya zama mai ɗigo tun farko:

float zakka = dami / 10.0;
printf("%.1f", zakka);

8.7. Kuma dami % 10 ita ke ba ka ragowar, wato 7 ɗin da Baba ya tambaya. Da wannan alamar na fara, da ban sha dariyar Kawu ba.

11/ Wasu za su ce me ya kai ka C, ga Python mai sauƙi. Gaskiya ne, Python 3 za ta ba ka 8.7 kai tsaye. Amma da ban taɓa sanin lamba iri-iri ce a cikin na'ura ba. Dennis Ritchie ya ƙirƙiri C a Bell Labs a Amurka wajen 1972, ta girmi yawancin malamanmu, kuma har yau da ita aka rubuta zuciyar Linux wadda Android ɗin hannunka ke zaune a kai. Ra'ayina: ka yi wata biyu da ita ko da daga baya za ka gudu.

12/ Abin da na canza tun ranar: kafin in danna komai, sai na lissafa amsar da biro. Kuma ba na gwadawa da lamba mai daɗi irin 80 ko 100. Da 80 na gwada a shagon caji, ta ba ni 8, na ɗauka na gama.

13/ An janye yaji, na koma makaranta kafin a yanke dawa. Wata Lahadi da yamma, bayan an tashi daga kasuwa, Baba ya kira. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Dami sittin da uku." Ya yi shiru.

Na buɗe Termux hannuna na rawa. Na ce, "Baba, shida da ɗigo uku."

Ya ce, "Madalla. To shi ɗigo ukun nan, da wane kwano ake auna shi?"