Abin da Na Ɓoye wa Ƙanina a Daura

Na yi acaɓa a Kano lokacin ina makaranta, kafin a hana sana'ar a cikin birni a watan Janairun 2013. Na fara da wannan ne don kada wani ya yi mini uzurin rashin sani. Duk wanda ya ci abinci da babur ya san motsin ƙafa mai lafiya, ya san na marar lafiya, ko da idonsa a rufe. Abin da ya same mu a hanyar Damagaram, wanda ya bar ƙanina da karaya a ƙwauri, ni na jawo shi, kuma ina sane.

Ɗaurin auren ɗan kawunmu za mu je. Daga Kano zuwa Damagaram kimanin kilomita 240 ne in aka bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, a tsallaka iyaka a Kwangwalam, a ratsa Matamaye. Tafiya ce da babur ke yi a yini guda ba tare da wahala ba, mutanen kan iyaka kullum cikin yin ta suke. Babur ɗina Boxer ne na Bajaj, irin wanda ya cika ƙauyukanmu, mai ƙafa inci 17 da ake ɗaurewa da sifok. Na ɗauki ƙanina a Ɗambatta inda yake karatu. A bayansa mun ɗaure kwalin taliya, da rabin buhun sukari, da jakar atamfofin da Umma ta aika wa dangi. Ga mu mu biyu, ga kaya, ga zafin bazara. Hular kwano ɗaya ce, kuma a kaina take.

Bayan mun wuce Kazaure na kauce wa wata babbar mota, na faɗa wani rami mai kaifin baki ban rage gudu ba. Ƙafar gaba ta tsallake, ta baya ta daki gefen kwaltar da duk nauyinmu. Na ji ƙarar a ƙashin bayana. Ban tsaya ba, wannan shi ne kuskuren farko, amma ƙarami ne idan aka gwada shi da na gaba. Kafin mu shiga Daura bayan babur ya fara lilo, iska ta sauka, dole muka gangara wurin wani dattijo mai faci a bakin hanya.

Ƙanina ya tafi neman ruwan alwala. Dattijon ya kwance ƙafar, ya zare tif, ya tsoma shi a ruwa. Huda biyu ne a jere kusa da juna, alamar bakin rim ne ya matse tif ɗin ya tsaga shi, ba ƙusa ba. Ya yi facinsa na wuta, ya ajiye shi ya huce. Sai ya ɗauki ƙafar ya soka ƙarfe a tsakiyarta ya juya ta a gabana. Tana juyawa tana rangaji, ta zo nan, ta koma can. Ya nuna mini inda rim ya lotsa. Ya nuna sifok biyu da suka karye daga gindi, wajen da suke lanƙwasa su shiga hob. Ya ɗauki sifana ya bi sauran yana ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya: masu ƙarfi suna amsawa da ƙara siririya, na kusa da lotsawar kuwa sai wani sauti a dushe. Robar da ke zagaye cikin rim, wadda ke hana kawunan sifok taɓa tif, ita ma ta yage.

Ya ce, “Ɗana, facin nawa zai riƙe, amma ƙafar nan ta gama aiki. Ka shiga gari ka sayi rim, akwai masu ɗaurin sifok. In ka ba su lokaci, kafin magariba ka samu ƙafa. Ku kwana, gobe da asuba ku kama hanya.”

Na ce, “Baba, a dai buga mini ita ta miƙe. In mun isa Damagaram zan canza.”

Ya ce, “Kai kaɗai ne?”

Na ce mu biyu ne. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗora rim ɗin a kan kututture ya bubbuga da guduma, ya naɗe karyayyun sifok a jikin na kusa da su don kada su shiga sarƙa, ya yanko tsohon tif ya rufe inda robar ta yage. Ya yi iyakar abin da zai iya da kayan da ke hannunsa, kuma bai ɓoye mini komai ba.

Me ya hana ni jin maganarsa? Kuɗin rim yana aljihuna, amma na ware shi don gudummawar biki, ba na so in shiga cikin dangi hannuna a taƙaice. Ina kuma so a ce mun kwana a Damagaram, an gan mu tun daren ɗaurin aure. Sai kuma girman kai irin na tsohon ɗan acaɓa, wanda ya sha yawo a Kano da sifok ɗaya a karye bai faɗi ba. Na manta cewa daga Ƙofar Wambai zuwa Sabon Gari tafiyar 'yan mintoci ce a hankali, kuma ko'ina ka waiga akwai bakanike.

Na ƙara wani kuskuren da bakina. Da dattijon ya zo ba tayar iska na ce ya rage, wai kada zafin kwalta ya fasa ta. Wannan magana ta yaɗu a cikin masu babur, kuma ba gaskiya ba ce. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ce ke lanƙwashewa a kowane juyi, ita ce ke ɗaukar zafi, ita ce kuma ke barin rim ya kai ga ƙasa in an daki rami. A ƙa'idar irin waɗannan babura, ta gaba tana son iska wajen 25 a geji, ta baya 28, in da goyo a kai ta 32. Ni na ɗora goyo da kaya, sannan na sa aka rage.

Ƙanina ya dawo ya tarar ana mayar da ƙafa. Ya ce, “Yaya, ya gyaru?” Na ce, “Faci ne kawai, hau mu tafi.” Dattijon yana jin mu, ya sunkuyar da kai yana tattara kayansa. A duk abin da ya faru ran nan, wannan amsar ce ta fi ci mini rai. Yaron nan ya hau bayana ne bisa amana. Da ya ji abin da aka gaya mini, wataƙila ya ce mu kwana, wataƙila ya ce zai bi motar haya ya same ni a can, wataƙila ma ya ce mu tafi a haka. Kowanne ya zaɓa, da shi ya zaɓa. Na ɗauki jikinsa na shiga caca da shi ban tambaye shi ba.

Ƙafar babur irin wannan sifok 36 ne ke riƙe da ita, rabi suna ja daga dama, rabi daga hagu, kowanne a ɗame. Ƙarfinta yana cikin daidaiton jan nan. Kamar ɗaukar jinka ne: in mutum biyu suka zame, nauyin ba ya raguwa, kan na kusa da su yake komawa. Waɗanda suka yi sako-sako kuma, duk juyi ɗaya sai sun saki sun sake ɗamewa, har ƙarfen ya gaji ya karye a gwiwarsa. Ƙafa mai inci 17 tana juyawa fiye da sau 500 a kowace kilomita. Mai karatu ya lissafa abin da ke tsakanin Daura da Matamaye. Ƙafar baya ce kuma ke ɗauke da mafi yawan nauyi, ita ce ke karɓar jan sarƙa, tana kuma karɓar birki. Bugun guduma yana gyara abin da ido ke gani a bakin rim, amma ba ya mayar da ɗamewar da ta tafi.

Mun tsallaka Kwangwalam bayan la'asar. Ina jin ƙas, ƙas, jefi-jefi daga baya, na san ko mene ne, sai na ƙara wuta don mu isa da wuri. Kafin Matamaye, a wata 'yar kwana, bayan babur ya zame gefe guda kamar an fizge shi. Ƙafar ta nannaɗe, tayar ta fita daga rim, ta cije. Ni na wuntsila cikin yashi na tashi da ƙujewa. Ƙanina kuwa babur da kayan suka danne masa ƙafar hagu. Allah Ya tsare kansa bai bugi kwalta ba.

Mutanen wani ƙauye da ke kusa suka rugo, suka ɗaga babur, suka tsayar mana da wata motar kaya. A asibiti aka tabbatar ƙashin ƙwauri ya karye. Ranar da aka ɗaura auren muna ɗakin marasa lafiya, dangin da nake so su gan mu a wurin biki suka zo suka gan mu a can. Kowa ya shigo sai ya ce, “Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa.” Na yi imani da ƙaddara, amma na san an nuna mini sababi ƙarara na take shi, don haka duk wanda ya faɗi haka sai in ji kamar ƙarya nake ci gaba da yi da bakinsa.

Babur ɗin na kai wa wani mai ɗaurin ƙafa a Matamaye, na zauna ina kallonsa saboda ba ni da inda zan sa kaina. Hob bai lalace ba, sai ya bar shi, ya canza boris tunda an riga an buɗe. Ya kawo sabon rim da sifok cikakken saiti, ya ƙi mayar da ko ɗaya daga cikin tsofaffin, ya ce wanda ya sha wannan wahala ko bai karye yau ba ya kusa. Ya ware na ciki daban, na waje daban, don lanƙwasar kansu ba iri ɗaya ba ce. Ya zura su duka a sako-sako tukuna. Sannan ya kafa ƙafar a kan ƙarfe, ya riƙe alli kusa da bakin rim yana juyawa. Inda allin ya taɓa, nan ta karkato, sai ya sassauta na wannan gefe kaɗan, ya ɗame na ɗaya gefen kaɗan. Rubu'in juyi, rubu'in juyi, ba ya wuce haka. Da ya gama da karkata ta gefe, ya koma kan tsalle na sama da ƙasa. A ƙarshe ya shafa cikin rim da yatsa, ya goge duk kan sifok da ya leƙo, ya sa sabuwar roba, sabon tif, ya ce in dawo a sake ɗamewa bayan ta ɗan yi tafiya, don sabon ɗauri yana zama. Tun daga fara aikin har gamawa bai kai tsakanin azahar da magariba ba. Abin da na ƙi bayarwa a Daura ke nan.

A nan ne ma na ga amfanin rim na ƙarfe mai sifok a irin hanyoyinmu. Yana lotsawa, yana rangaji, yana ƙara, yana ba mutum gargaɗi tun da sauran lokaci, kuma kusan kowane gari akwai mai iya ɗaure shi. Na alminiyam da ake zubawa a dunƙule, in ya sha mugun duka yakan tsage ne, kuma wanda ya tsage sai dai canji. Ƙafata ta yi mini duk gargaɗin da irinta ke yi.

Sai da muka dawo gida, ƙanina yana dogara sanda, na gaya masa gaskiya a gaban Umma. Na faɗi abin da dattijon ya ce da abin da na amsa. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Yaya, da ka faɗa mini ai da mun kwana.” Ya yafe mini daga baya, amma zangon karatu guda ya wuce shi, kuma ƙwallon da yake bugawa ya bari. Umma ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai, “Na ba ka shi ne don kai ne babba.”

Duk lokacin sallah da bukukuwa, hanyoyin Daura, Maigatari da Jibiya kan cika da masu babur ɗauke da iyali. Roƙona gare ku, 'yan'uwa: kafin ku tashi ku ɗaga ƙafar baya ku juya ta, ku ƙwanƙwasa sifok, ku auna iska da geji tun taya na da sanyi. In kun daki rami, ku tsaya ku duba a nan take. In kuma mai gyara ya kira ku gefe zai yi magana a kan ƙafa, ku kira wanda kuka goya ya zo ya ji da kunnensa.