Kafin ka ce sifikarka ta mutu

Abin da ke damuna game da kayan sautin falo shi ne yadda muke sayensu da ido. Mutum zai shiga kasuwar Sabon Gari, ko ya aika kasuwar Alaba, ya ga kwali an rangaɗa masa 5000W PMPO da jan rubutu, ya biya yana murna. Wannan lambar ba ta da wani ma'auni da aka amince da shi, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Wadda za ka nema ita ce RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa a jere ba tare da ta galabaita ba. Yawanci ƙarama ce, tana laɓe a bayan kwali ko cikin ɗan littafin da ba ma karantawa. A madaidaicin falo, wat 50 na gaskiya a kowace sifika ya wadatar har ya yi yawa.

Sai batun om. Juya bayan sifika za ka ga 4, 6 ko 8, ita ma amfilifaya an rubuta abin da take ɗauka. In ka cusa wayoyin sifika biyu masu om 8 a baki guda, sun koma 4. In amfilifayar ba ta ɗaukar 4, kamar jaki ne aka ninka masa kaya: ta ɗau zafi, ta kashe kanta, mai ita ya ce jabu aka sayar masa. Alhali kare kanta ta yi.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne murɗa sauti har ƙarshe. Mutane na zaton babbar amfilifaya ce kawai ke ƙona sifika. Ƙarama ma tana yi, in an matsa mata fiye da ƙarfinta: sautin ya fara tsagewa, tsagewar nan kuma kan ƙaramar sifikar siririn sauti take sauka, ita ce ke fara ƙonewa. Kuma ribar kaɗan ce, don ko ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara. Da kunnenka ya ji muryar mawaƙi ta fara kakari, rage. 'Yan uwa, a ranar suna da biki ake yawan yin wannan asarar.

Mafi yawan abin da ake kira lalacewa kuwa a waya yake. Idan sauti ya zama fayau, duma ya ɓace, duba ko an juya jan waya da baƙa a ɗaya daga cikin sifikun. Ɗaya na turawa, ɗaya na ja, suna cinye juna. Kana shakkar wata ta mutu? Cire ta, ka taɓa wayoyinta da batirin rimot mai bolt 1.5. In ta yi "ƙas" faifanta ya motsa, da ranta. Gurnanin nan da ba ya yankewa ko fim bai fara ba, sau da yawa daga wuta yake, ko daga wayar dish da ta shigo dikoda. Zare ta ka saurara, sannan ka tara kayan duka a soket ɗaya. Sitabilaiza kuma, a wutarmu da janaretonmu, ba kwalliya ba ce.

Masu kukan ba sa jin maganar 'yan fim sai ƙarar mota da bindiga, a tsarin sifiku na 5.1 magana daga sifikar tsakiya take fitowa. Wurinta ƙarƙashin talabijin ne ko samansa, tana fuskantar mai kallo, ba saman kabad a bayan kwalla ba. Ƙara mata sauti ita kaɗai, ka bar wa wufa, wato sifikar duma, abin da ke ƙasa da 80Hz.

Wurin mai gyara sai in ka danna faifan a hankali da yatsu ka ji yana karta, ko ka shaƙi ƙaurin ƙuna. Nan naɗin wayar ciki ne ya ƙone, kuma ana sake naɗa shi. In sifikar mai kyau ce, tambayi kuɗin naɗi kafin ka tambayi kuɗin sabuwa.