Azahar A Jibiya

A tsakiyar bazara muka tashi daga Katsina za mu Maraɗi, azahar ta riske mu a Magama ta Jibiya, inda manyan motoci kan yi layi suna jiran a duba takardunsu. Muka shiga wani masallacin unguwa, wanda aka ce mana a dā soro ne, sai masu hali suka sauke rufinsa, suka buga kwano, suka shafe bangon da siminti. Allah Ya saka musu bisa niyyarsu. Amma kafin liman ya sallame rigunanmu sun jiƙe sharkaf, ga fankoki rataye babu wuta, dattawa kuwa ko tasbihi ba su tsaya yi ba.

Da muka fito, wani ɗan kasuwa ya ja mu zauren mahaifinsa, ginin tubali mai rufin azara. Muna shiga muka ji sanyi kamar na bakin randa.

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Bangon ƙasa mai kauri yakan sha zafin rana a hankali, ba ya furzar da shi sai dare ya yi, sa'an nan iska ta kwashe ta 'yan tagogin sama. Kwano kuwa nan take yake sauke zafin a kan masallata. Shi ma siminti ba ya zama lafiya da ƙasa: yakan tsare laima a ciki, bango ya ruɓe, shafen ya ɓamɓare. Magina na dā makuba suke yi wa bango, su gyara indararo kafin damina.

Ba mu ce a ƙi zamani ba. In yoyo ake gudu, ana iya ɗora kwano bisa soron, a bar rata iska ta ratsa. A garin Dandaji na ƙasar Nijar, a 2018, ba a rushe tsohon masallaci ba, an gyara shi ya zama ɗakin karatu, sabon kuma aka gina shi da tubalin ƙasa matsattse.

Shari'a ta yarda a jinkirta azahar in zafi ya tsananta, don a sami natsuwa. To, Alhazai da ma'aikata masu ba da kuɗin gyara, ku tambayi magini inda zafin zai bi kafin ya taɓa azara.