Imfires: Kalmar Ofis Da Ta Bi Ni Har Kicin

A wannan watan ina so in ba ku labarin wata kalmar Turanci da na tsinta a wurin aiki tun ina sabuwar ma'aikaciya. Na yi shekara da shekaru ina amfani da ita a ofis, ban taɓa zaton wata rana ita ce za ta kashe wutar da ta so tashi tsakanina da maigidana ba.

Watana uku kacal da kama aiki a sashen kuɗi na wata ma'aikata, sai akantanmu, wani dattijo mai furfura da kowa ke kira Baba Akanta, ya aiko masinja ya kira ni. Ina shiga ya turo mini wani ɗan akwatin ƙarfe mai kwaɗo da wani dogon littafi mai layi-layi, ya ce, "'Yar nan, daga yau ke ce mai riƙe da imfires. Ƙirga ki sa hannu. Ƙarshen wata kuma za ki yi ritaya."

Gabana ya yanke ya faɗi. Ritaya? Ni da ko albashi na huɗu ban karɓa ba? Kunya ta hana ni tambaya, na ƙirga kuɗin hannuna na rawa, na sa hannu na fito. Ranar nan ko barcin kirki ban yi ba, ina ta lissafin wa na ɓata wa. Da safe na kasa daurewa, na same shi na durƙusa na ce, "Baba, don Allah in wani laifi na yi a gaya mini in gyara, kada a sallame ni." Ya dube ni ya rasa inda na dosa. Da ya gane, ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share hawaye. Ya ce, "Kuɗin ne za su yi ritaya, ke kina nan daram. Jawo kujera in koya miki."

Turawa suna rubuta kalmar imprest, mu kuwa da bakinmu ya fi sabawa da harafin "f" sai muka mai da ita imfires. Daga baya na karanta cewa tushenta daga wata kalmar Italiyanci ne mai ma'anar ba da rance. A Ingila tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce ake kiran kuɗin da baitulmali ke ba wa wani tun kafin ya yi aikin hukuma da wannan suna, har a shekarar 1559 Sarauniya Elizabeth ta Farko ta naɗa masu binciken da aikinsu shi ne bin sawun irin waɗannan kuɗi. To kun ga tun daga asalinta kalmar tana ɗauke da ma'anar abin da aka ba ka a hannu amma ba ka mallake shi ba, kuma akwai ranar da za a tambaye ka.

Yadda abin yake a ofis shi ne: akwai ƙananan buƙatu na yau da kullum da ba za a tsaya rubuta takardar neman kuɗi a kansu ta bi tebur biyar ba, kamar biro, ambulan, kan sarki, ƙwan fitila, kuɗin motar masinja ko gyaran kwaɗon ƙofa. Sai a yanke wani adadi tsayayye, a danƙa wa mutum ɗaya. Mu ce naira 20,000. Duk abin da ya fita sai ki rubuta kwanan wata, da abin da aka saya, da nawa, ki liƙa rasit. Idan wata ya ƙare kin kashe 14,500, saura 5,500 a akwati, sai ki kai littafi da rasit-rasit ɗin a duba. Wannan shi ne ritaya. In an gamsu sai a ba ki 14,500 cif, wato daidai abin da kika kashe, akwati ya koma 20,000 kamar yadda ya fara. Ƙa'idar da Baba Akanta ya sa na haddace ita ce: a kowace sa'a aka buɗe akwatin nan, tsabar kuɗin da ke ciki idan aka haɗa da rasit ɗin da ke ciki, dole su ba da adadin farko.

A ƙa'idojin kuɗi na gwamnati a Najeriya imfires iri biyu ne. Akwai na dindindin, wanda ake ta cikawa a kai a kai cikin shekara, kuma dole a rufe lissafinsa kafin shekarar kuɗi ta ƙare ranar 31 ga Disamba. Akwai kuma na musamman, wanda ake bayarwa don wani aiki guda, da an gama aikin a kawo lissafi a mayar da saura. Wasu suna haɗa kalmar da feti kash, alhali akwai ɗan bambanci: feti kash sunan ƙananan kuɗin ne, imfires kuwa tsarin riƙe su da cika su. Abin takaici, a wasu ofisoshin kalmar ta lalace a bakin mutane, za ki ji babba yana tambaya, "Imfires ɗina ya fito?" kamar wani ƙarin albashi ne da zai zuba a aljihu.

Ban san nauyin abin ba sai da ya ƙona ni. Wata rana wani na gaba da ni ya leƙo da sauri ya ce in ba shi naira 3,000 za a sayo wani abu, gobe zai kawo rasit. Babba ne, na ji nauyin in ce ya sa hannu, na miƙa masa. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama mako uku. Kwatsam sai ga odita ba sanarwa. Aka buɗe akwati, aka ƙirga, 3,000 babu su babu takardarsu. Aka kira mutumin nan, ya ɗaga kai sama ya ce shi kam bai tuna ba. Wallahi har yau ina jin zafin kallon da aka yi mini a ɗakin nan. Daga albashina na biya.

Da kowa ya watse Baba Akanta ya ce da ni, "'Yar nan, yau gwamnati ta yi asarar ko kwabo?" Na ce a'a. Ya ce, "To wa ya yi asara? Kina ganin littafin nan don a kama ki aka ba ki shi. Garkuwarki ce. Mai riƙon amana da ba ya rubutu, ranar da aka zarge shi ba shi da shaida sai rantsuwa." Tun daga ranar, ko wane ne kai, ba ka ɗaukar sisi a akwatina sai ka rubuta "na karɓa" ka sa hannu.

Abin mamaki, duk wannan tsantseni a ƙofar ofis nake ajiye shi. A gida maigida yana ba ni kuɗin cefane duk ranar Asabar, in jefa a jaka tare da nawa, in ta cira har su ƙare. Shekara goma sha tara muna haka ba a taɓa jin kanmu ba, domin kuɗin suna isa.

Sai ga shekarar 2023. A ƙarshen watan Mayu aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500, komai na kasuwa ya bi ta. Ba sai na ba ku labarin kwanon shinkafa da kwalbar man gyaɗa ba, kowacce a cikinmu ta gani a tukunyarta. Kuɗin Asabar suka fara ƙarewa ran Laraba. Na san shi ma yana fama, don haka na riƙa cikawa daga albashina ban ce masa komai ba, sai in abin ya fi ƙarfina sannan in yi magana. Ya ƙara mini sau ɗaya, bai kai ko'ina ba.

Wata Alhamis da safe na ce masa babu mai babu kayan miya. Yana ɗaura agogo, bai ko kalle ni ba ya ce, "Wai ni kam ina kuɗin nan suke shiga ne?" Ƙanwarsa tana zaune a falo, ta sunkuyar da kai. Ya ajiye kuɗin a kan tebur ya fita.

'Yan'uwa, da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ni da nake zuba guminna a tukunyar gidan nan, ni ake tambaya ina kuɗi suke shiga, a gaban dangin miji? Kwana uku daga gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Har na yi niyyar zuwa wurin Hajiya, mahaifiyarsa, in zazzage mata komai. Amma da na zauna ina shirya abin da zan faɗa, sai na tambayi kaina: in ta ce nawa kika ƙara, me zan ce? Ban sani ba. Ba ni da shaida sai rantsuwa. Nan take muryar Baba Akanta ta dawo mini.

Na ɗauko ragowar littafin makarantar babbar 'yata, na ja layi huɗu: rana, abin da aka saya, nawa, saura. Na samo wata tsohuwar gwangwanin madara, kuɗin cefane suka koma can, nawa suka tsaya a jakata. Duk abin da ya fita daga gwangwani in rubuta da baƙin biro, duk abin da na cika daga jakata in rubuta da ja. Mako huɗu ina haka, bai sani ba.

Littafin ya faɗa mini gaskiya biyu, ɗaya mai daɗi ɗaya mai ɗaci. Ta farko, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da gidan ke ci daga aljihuna yake fitowa. Ta biyu kuwa, gwangwanin yana yoyo, kuma ni ce na huda shi. Gudunmawar suna, cikon kuɗin anko, katin waya, da canjin da yara ba sa dawowa da shi in an aike su, duk daga kuɗin cefane nake zara ba tare da na ɗauke su a bakin komai ba. Ashe tambayar Malam, duk da ya yi ta a mummunan wuri da mummunar murya, tana da 'yar ƙafar tsayawa.

Ranar wata Juma'a bayan sallar isha'i, ya ci abinci yara sun shiga ɗaki, na zauna kusa da shi na ajiye littafin na ce, "Malam, na zo yin ritaya." Ya zaro ido ya ce, "Aikin za ki bari? A wannan halin?" Dariya ta kuɓuce mini, karo na farko cikin wata guda. Na yi masa bayani kamar yadda aka yi mini. Ya fara bin layi da yatsa, shafi bayan shafi. Can ya ce, "Wannan jan rubutun fa?" Na ce, "Nawa ne." Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce, "Tun bayan Babbar Sallah." Ya daɗe bai ce komai ba. Daga nan ya rufe littafin ya ce, "Na zalunce ki da bakina. Ki yafe mini." Na ce na yafe, amma ya buɗe shafin ƙarshe. A can na jera yoyon gwangwani, ban ɓoye ko ɗaya ba. Ya karanta, ya kai kan anko, ya girgiza kai ya ce, "Ashe har da atamfa muke ci a gidan nan." Daren nan mun kai sha biyu muna hira.

Abin da muka tsayar shi ne tsarin imfires sak. Muka yanke adadi bisa abin da littafi ya nuna gidan na ci, ba bisa abin da aka saba bayarwa tun ana zaman arha ba. Duk Juma'a in nuna abin da ya fita, ya cika gwangwani. In kaya sun tashi, littafi ne zai faɗa, ba sai na yi ta roƙo ba. Ciyarwa haƙƙinsa ce, ya kuma yarda da haka. In na ga dama na taimaka da nawa, sai in faɗa masa ko kyauta ce ko rance, don kada alherina ya zama abin da ba wanda ya san da shi, har ni kaina in riƙa jin haushinsa a ɓoye. Kuɗin biki da suna kuwa muka ware musu nasu daban.

Sai dai zan gaya muku inda na zarce, don kada wata ta bi sawuna. Daɗin tsarin ya ɗebe ni har na koma odita a cikin gidana. Wata rana na tsare 'yata a kan naira 50 ta canjin tattasai, ina ta yi mata tambayoyi har ta fashe da kuka ta ce, "Umma, wallahi ban ɗauka ba, mai kayan miyan ne ya ce ba shi da canji." Jikina ya yi sanyi. Abin da aka yi mini ya ƙona ni, shi na juya na yi wa 'yar cikina. Ko a ofis ma an san akwai abin da ba ya da rasit, kamar kuɗin mota, sai mutum ya rubuta da hannunsa cewa ya kashe kaza a kan kaza, ya sa hannu, a karɓa bisa mutuncinsa. In ofis ya bar wa yarda gurbi, ina ga gida? Na rarrashe ta, na kuma miƙa mata biron. Yanzu ita ke rubuta cefanen Asabar, kuma ta fi ni sanin farashin kasuwa.

Don haka 'yar'uwa, idan kuɗin cefane sun fara jawo kallon banza da gajeren magana a gidanki, gwada wannan na wata ɗaya kafin ki kai ƙara ko'ina. Ki raba kuɗinsa da naki, ki rubuta kullum kafin ki kwanta domin gobe kin manta, ki kuma rubuta har wanda ba ki so a gani. In rubutu yana ba ki wahala, ɗan firamare ya isa ya riƙe miki biro. In kuna da yawa a gidan, kowacce ta riƙe littafin ranar girkinta, zargi tsakaninku ma zai ragu. Ku kuma iyayen gida maza da na san kuna leƙa shafin nan a ɓoye, idan an kawo muku littafi ku karanta shi da idon godiya, kuma ku tuna rabin tsarin a wuyanku yake, wato cika abin da aka kashe a kan lokaci.

Baba Akanta ya daɗe da rasuwa, bai san karatun da ya yi mini a kan akwatin ƙarfe ya kai har kicin ɗina ba. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa. Mu kuma Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya sanya albarka a tukwanenmu, Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.