Gaisuwar Sojan da Ba a Kawo Gawarsa Ba

A ƙarshen watan Nuwamba na 2018, ana tsakar yankan dawa, labari ya iso mana Ƙaraye cewa ɗan ƙanwar mahaifiyata na cikin sojojin da suka kwanta dama a harin Metele, can arewacin Borno. Abokin aikinsa ne ya bugo waya, ya ce sai dai haƙuri. Yaron ɗan Rogo ne. A gabanmu ya tafi Difo na Zariya, ya dawo da aski ƙwal, yara na biye da shi suna ta "Soja! Soja!"

Washegari muka kama hanyar Rogo. Mun tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an cika maƙil, amma babu makara, babu wanda ya je haƙar kabari. Abin da ya fi ci wa mahaifinsa rai ke nan. Mu dai mun saba mu wanke mamacinmu, mu yi masa sutura, mu zuba masa ƙasa da hannunmu. Malamai suka ɗan yi ja-in-ja a kan sallar ga'ib, daga ƙarshe aka yi sahu aka sallata. Sai daga baya muka ji an binne sojojin a maƙabartar sojoji ta barikin Maimalari a Maiduguri.

Ranar sadakar uku, wani dattijo ya iso a kan keke. Tsohon soja ne da ya yi yaƙin basasa, ya maƙala lambobinsa a kan wata koɗaɗɗiyar riga. Ya jingine keken, ya zo gaban uban yaron, ya haɗe ƙafa, ya ƙame, ya sara masa. Hannunsa na rawa, amma bai sauke ba sai da wurin ya yi tsit. Sannan ya durƙusa ya ce, "Malam, ɗanka bai gudu ba. Allah ya karɓi shahadarsa." Tun da aka yi rasuwar ban ga hawayen uban ba sai a lokacin. Ni kaina ban taɓa ganin karramawar da ta kai wannan ba.

Da 15 ga Janairu ta zagayo, Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya, na kalli bikin a talabijin: an ajiye furanni a Abuja, an busa ƙaho, an harba bindiga, an saki fararen tattabaru. Ranar ce yaƙin basasa ya ƙare a 1970, shi ya sa aka mayar da bikin can daga 11 ga Nuwamba da aka gada wurin Turawa. Ba na raina wannan biki ko kaɗan. Sai dai a ranar, matar yaron nan tana ɗaki a Rogo tana takaba, da goyo a bayanta, kuma a unguwar babu wanda ya san ranar mijinta ce.

Ƙasarmu ta daɗe tana ba da 'ya'yanta. Kakanni sun je ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu, iyaye sun yi na basasa daga 1967, yayyenmu sun bi ECOMOG zuwa Laberiya da Saliyo, ƙannenmu na dajin Borno da Zamfara. Da yawa ba su dawo ba, sunayensu kuma sai a bakin tsofaffin gidajensu.

Ina roƙon hakimanmu da dagatai da masu unguwanni na Ƙaraye da Rogo su tattara waɗannan sunaye tun masu tunawa na raye. A ba limamai su yi musu addu'a a Juma'ar da ke gaban 15 ga Janairu, sannan a taka har gidajen, a duba ko marayunsu na zuwa makaranta.