Rediyon da ya koma aljihunmu



Mu mazauna Kudu mun fi na gida sanin darajar rediyo. Iyayenmu da suka riga mu zuwa Fatakwal da Anacha da Inugu, kome za su manta, ba sa manta akwatin rediyo da batir. Da shi suke kama BBC, wadda ta fara shirin Hausa a 1957, da Muryar Jamus da Rediyon Kaduna a gajeren zango. Yau akwatin ya yi wuyar gani a rumfunanmu, amma rediyo yana nan, aljihu ya koma.

Ita kanta wayar salula, wadda ta shigo Najeriya gadan-gadan a 2001, rediyo ce. Idan ka yi magana, sai ta mayar da muryarka saƙo, ta aika ta iska zuwa turken sadarwa mafi kusa. Bambancinsu ɗaya: akwatin rediyo karɓa kawai yake yi, ita kuwa tana karɓa tana aikawa. Shi ya sa idan mota ta shiga daji ta yi nisa da turke, caji yake saurin ƙarewa, domin wayar tana ƙara ƙarfi ne don a ji ta.

Ban da wannan, yawancin ƙananan wayoyinmu suna da rediyon FM a ciki. Ba ya cin kati, ba ya cin data, kuma wayar da muke sawa a kunne ita ce eriyarsa. Sai dai FM ba ya nisa. Wanda ke Mile 3 a Fatakwal, ko Bida Road a Anacha, ko kasuwar Gariki a Inugu, tashoshin garin kawai zai kama. Idan ka ji Freedom Radio ta Kano a wayarka a nan, ta intanet ta zo, kuma data take ci.

Mun ga amfanin sanin wannan a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Da yawanmu sun yi makonni ba su ji muryar iyalansu ba. Da aka kashe turaku, kira da WhatsApp duk suka tsaya a can, amma rediyo ya ci gaba da shiga gidaje.

Abin da ya fi damunmu shi ne, wayar nan da ke kawo labarin gaskiya ita ce ke kawo jita-jita. Tun da aka fara zaman gida na ranar Litinin a 2021, saƙon murya ɗaya kan sa mutane su rufe shaguna, wasu har su nemi motar gida. Gidan rediyo yana da suna da adireshi da lasisi, idan ya yi ƙarya akwai inda za a kama shi. Saƙon da aka turo maka kuwa ba ka san mai shi ba.

Don haka muna roƙon 'yan uwa, kafin ka tura wa wani labarin tashin hankali, ka saurari rediyo, ka kira Sarkin Hausawan unguwarku ko shugabannin ƙungiya. Masu doguwar tafiya da shanu ko albasa kuma su riƙe ƙaramar waya mai FM da cikakken caji.

Allah Ya tsare mu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.