Sinuka da Darafti: Wanne Ya Fi Wuyar Ƙwarewa?

Ran nan bayan La'asar gardama ta kaure tsakanina da ɗan ƙanwata a rumfar da muke buga darafti a nan Nyanshegu. Yaron ya ce, "Kawu, wasanku na zaman hutu ne, sinuka ita ce mai wuya." Ni kuwa na ce masa sinuka ai tunkuɗa ƙwallo ce kawai. Da yake sai an gwada akan san na ƙwarai, muka yi alkawari gaban dattawa cewa kowa zai koyi wasan ɗan'uwansa har wata 3.

Ainihin sinuka dai ƙwallo 22 gare ta, hafsoshin sojan Ingila ne suka ƙago ta a Indiya a 1875. Wadda samarinmu ke bugawa a bakin titi, suna kiranta da wannan suna, ƙwallo 15 ce da fara ɗaya, da rami 6.

Makon farko na sha dariya, don sau biyu sanda na kuɓuce mini. Amma kafin mako na uku na fara jefa ƙwallo a rami. Dalili kuwa shi ne, a sinuka kuskurenka a gabanka yake. Ka buga, ka ga inda ƙwallo ta nufa, ka gyara hannu. Har na fara cika baki.

Ashe ban san komai ba. Jefa ƙwallo ɗaya ba shi ne gwaninta ba, gwani shi ne wanda ke tsayar da farar daidai inda za ta yi masa amfani a bugu na gaba. Wannan kuwa sai da kaifin ido da hannun da ba ya rawa, ni ko na haura shekara 60. Ga shi kowane wasa sai an biya, wanda aka ci kuma ya miƙa sanda ya koma layi. Watau ɗan koyo shi ya fi kowa biya, shi ya fi kowa ƙarancin bugu. A nan na tsaya cik.

Shi kuma yaron, yini ɗaya ya haddace dokokin darafti: gida 100, kowa da 'ya'ya 20. Amma wata 3 cur bai ci kowa ba. A darafti, kuskuren da ya kashe ka tun tafiya goma baya ka yi shi, ba kuwa mai nuna maka. A miƙa maka ɗa ɗaya ka cafke da murna, a kwashe maka uku. Na ba shi labarin Baba Sy, mutumin Senegal da aka tabbatar wa kambin duniya na 1963 bayan rasuwarsa, don ya san wasan ba na raini ba ne.

Ranar da wa'adi ya cika, suna bugawa da wani dattijo, sai na ga ya kai hannu ya janye. Ya yi shiru, ya hango tarkon da aka ɗana masa, ya bi ta wani gefe. An ci shi duk da haka, amma dattijon ya ce, "A matsa wa yaron nan wuri a benci."

To, jama'a, ga abin da na gani. Sinuka tana da saurin shiga, amma ido da aljihu ke yanka wa mutum iyaka. Darafti kyauta ne, tsufa ba ya hana shi, sai dai yana ɓoye maka laifinka, kuma mai gaggawa ba ya jure masa. Na tashi gaban jama'a na ce, "Ɗana, na raina wasanku, ka yafe ni." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ni ma haka."

Yanzu kullum bayan La'asar yana rumfa, har uwarsa ta daina kawo mini ƙarar kuɗin sinuka. Ni kuma ran Asabar nakan leƙa teburinsu, in biya, a ci ni, in dawo. Allah ya bar zumunci, amin.